Neman Tagalla

Da sunan Allah nake farawa, wanda ya kai ni ya dawo da ni, ko da yake ƙugun da na tafi da shi ba shi na dawo da shi ba. Tun da na sauko daga duwatsun Abzin bakina bai huta ba. Mai zuwa aron rariya sai ta zauna, mai zuwa barka da sauka sai ta wuni, kuma kowace da tambaya ɗaya: kin gan ta? Na gaji da maimaitawa. Shi ya sa na zaunar da autata, wadda ke koyarwa a makarantar 'yan mata, na ce ta ɗauko alƙalami. Ni ban san baƙi ba, amma abin da idona ya gani ban manta ba. Daga yau duk mai son ji ta je Auta ta karanta mata, a bar ni in yi kukana a natse.

Sai na fara da Malam, Allah ya jiƙansa, don shi ya jawo mini tafiyar. Mun haura shekara arba'in tare a nan Daura, kusa da Kusugu. Hatsi yake saye yana sayarwa, kuma mutum ne da ba ya son yawan magana. Kafin ya aure ni, yana saurayi, ya bi 'yan ci-rani zuwa haƙar kuza a can cikin Abzin, ya yi wasu shekaru. Abin da ya dawo da shi biyu ne: wata 'yar butar shayi shuɗiya, da hannun hagu da babu ƙaramin yatsa. In na tambaye shi labarin can sai ya ce, "Duwatsu ne kawai."

Bayan kakar bara ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama shi. Harshensa ya karye, magana ta ƙi fita. Na dama kunu, ya kau da kai. Na yi fura, na yi farfesun kaza, ya ture da hannun da ya rage masa. Sai dai ya dube ni, hawaye na bin kuncinsa, ya ce, "Tagalla." Wani lokaci ya fi ƙarfi, ya haɗa ta duka: "Ku kawo mini Tagalla." Sannan ya miƙa hannu ƙasa gefen tabarma yana tonawa, yana mayar da ƙasar, yana lallaɓawa.

Wanda duk ya ji ya san sunan mace ne. Muna da Tasalla, muna da Tabawa, muna da Tanoma, to ga Tagalla. Na durƙusa na ce, "Malam, wace ce? A ina take?" Sai ya rufe ido. Limamin unguwarmu ya zo ya ga tonon da yake yi, ya girgiza kai ya ce kabari yake nuna mana, akwai wadda yake son ta yafe masa kafin ya shiga. Muka zauna muna karanta masa Yasin, shi kuwa yana kiran Tagalla, har ranar da ya daina.

Ina cikin takaba na aika ko'ina. An tambaya a danginsa na Mashi, an tambaya a Zango da Sandamu, babu wanda ya taɓa jin mai wannan suna. Da na sake tuntuɓar Liman sai ya ce mini, "Haƙƙin Allah, Allah kan yafe. Haƙƙin bawa kuwa sai bawan ya yafe." Daga ranar barci ya ƙaurace mini. Ina kan gado, Malam yana kwance a ƙasa da nauyin wata a wuyansa. Kuma ba zan ɓoye ba, akwai ɗaci. Ba kishi ba ne, a shekaruna me zan yi da kishi. Amma mutum ya ci tuwonka shekara da shekaru, ya tashi tafiya da sunan wata a bakinsa, sai wadda aka yi wa ta san yadda yake. Wuri ɗaya ne a rayuwarsa ban sani ba, shi ne garin kuza. Ina fita takaba na sayi turmin atamfa mai kyau da goro, na ce zan je in durƙusa mata.

Mace ba ta irin wannan tafiya ba muharrami, sai na kira ƙanena Iro. Dillalin dabbobi ne a kasuwar Mai'aduwa, ya haura sittin, har yanzu bai san abin da ake kira ban sani ba. Ya bugi ƙirji ya ce, "Yaya, ki bar mini. Faransa a tafin hannuna take. Yarensu ma ina ji."

A Kongolam na fara ganin yaren nasa. Namu ma'aikatan iyaka mun wuce su lafiya lau. Da muka tsallaka, wani jandarma dogo ya tare mu ya yi wata magana da Faransanci. Iro ya gyara hula ya ce, "Wi." Ya sake wata, Iro ya ce, "Wi, wi." Kafin in ankara an sauko da ƙullina an baje shi a ƙasa. Ga daddawata, ga kukata, ga atamfar Tagalla, har da abin da bai kamata namiji ya gani ba na tsohuwa, duk a gaban 'yan acaɓa. Ashe tambayarsa aka yi ko muna ɗauke da kayan sayarwa da ba mu nuna ba. Na ce, "Wayyo ni, wannan wace irin rana ce." Sai jandarman ya juyo ya ce da Hausa tas, "Inna, ke ce da kayan? Ai da Baba ya yi Hausa tun farko da tuni kun kai Matamaye. Ni ma ɗan can ne." Shi da kansa ya taya ni ɗaurewa. Muna shiga mota Iro ya ce, "Irin Faransancinsa na ƙauye ne."

A Damagaram muka sauka gidan fatoman Iro, mutanen kirki. Hausa suke yi, amma sai ka kasa kunne. Makaranta lakkwal, asibiti likita, likitan kuma wani suna daban. Da safe aka kawo mini burodi dogo kamar taɓarya, tauri ma kamar taɓarya. Haƙoran da suka rage mini ba su da yawa, kuma ina ji da su. Na jiƙa shi a ruwan zafi na haɗiye, ina tuna kokon gidana.

Hanyar Agadas ba zan so wa maƙiyina ita ba. Da farko akwai gonaki irin namu. Bayan Tanut sai itatuwa suka riƙa gajarta, suka koma kamar tsintsiya, daga nan suka ɓace. In mota ta tsaya, maza sai su ɗan yi gaba su juya baya, shi ke nan. Mace fa? Ko'ina ka duba fili ne har ƙarshen ido, babu ko sabarar da za ta rufa maka asiri. Na daure har na kasa. Wata mata 'yar Agadas da ke kusa da ni ta lura, ta kama hannuna, muka yi nisa, ta ware mayafinta ta tsaya ta zame mini katanga. Allah ya saka mata. Sunanta ma ban tambaya ba, don kunya. Duk tsawon hanyar nan da Malam nake faɗa a zuci. Na ce, Malam, duk matan da ke tsakanin Daura da Kazaure, ba ka tashi ɗaukar haƙƙi ba sai na wadda ke bayan duniya.

Na san Buzaye, muna ganinsu ɗaya-ɗaya suna gadi ko tallan magani. Amma ban taɓa ganin gari guda nasu ba sai a Agadas. A wajenmu tun da aka kawo Shari'a hijabi sai ƙara tsawo yake, har yana sharar ƙasa. Can kuwa maza ne a lulluɓe, ido kaɗai a waje, matan fuska a buɗe suna ciniki suna dariya da ƙarfi. Namiji zai ci abinci, sai ya cusa loma ta ƙarƙashin rawani kamar mai satar ci da azumi. Kuma ga masallaci cike, ba ka ce ba Musulmi ba ne.

Matar da ta sauke mu 'yar'uwar fatoman nan ce, mai sayar da cuku, baki gare ta kamar rediyo. Na jira har Iro ya fita, na matsa kusa da ita na yi ƙasa da murya, don asirin mamaci ba abin shela ba ne. Na ce, "'Yar nan, can cikin duwatsu, wajen garin kuza, ana samun Tagalla?"

Ta ce, "Tagalla? Wa bai san tagalla ba, Inna? Kowane gida kika shiga za ki same ta."

Na ce, "Kowane gida?"

"Kowane gida. Mazan can ba sa iya wuni sai da ita. Direbobi ma a hanya, in sun tsaya, ita ce. Maigidana kansa in ya kwana biyu bai same ta ba sai ya yi ta ƙunci."

Ta faɗi haka tana yankan albasa, ko a jikinta. Ni kuwa salati na kama yi a zuci. Na lissafa shekarun Tagallar, ai ta girme ni ko mu zo ɗaya, kuma har yanzu ba ta tuba ba. Na ce, Malam, ashe irin wadda ka sani ke nan. Da Iro ya dawo na ja shi gefe na ce kada ya kuskura ya sake ambaton sunan nan a gaban kowa sai mun isa. Ya ce, "Ni dama na zargi haka, Yaya. Sunan ma daga galla aka samo shi, ƙudan zuman nan ƙanana. Wato mai zaƙi." Na ce ya rufe mini baki.

Motar da ke hawa duwatsu ba kullum take tashi ba, sai ta cika. Tsohuwar mota ce mai buɗaɗɗen baya, an loda mata buhunan fulawa da sukari, mutane a kan buhuna, awaki a kan mutane. Don tsufana aka ba ni gaba, tsakanin direba da wani mai takobi. Hanya kuwa babu ita. Direba yakan bi busasshen rafi, in ya ƙare ya hau dutse, in ya sauka mu nutse a yashi, maza su sauka su tura. Duwatsun baƙaƙe ne kamar an ƙona su, babu ciyawa, babu tsuntsu. A nan ƙuguna ya tafi. Wata akuya kuma ta zuro kai ta tagar baya ta cinye mini gefen hijabi ina gyangyaɗi.

Da azahar muka tsaya ƙarƙashin wata ƙaya. Bayan salla direba ya hura wuta a kan yashi, ya kwaɓa fulawa da ruwa da gishiri a kwano, ya murza ta ta yi faɗi. Na ce to, bari in ga tanda ko kasko. Sai na ga ya ture garwashin gefe, ya tona rami a yashin, ya jefa ƙullin a ciki tsirara, ya mayar da ƙasa da toka ya binne. Bayan an jima ya tono abin, ya kankare shi da wuƙa, ya ɗauraye, ya gutsuttsura a kwano ya zuba man shanu. Ya miƙo mini ya ce, "Inna, bismilla, gurasarmu ce."

Na ce, "Na gode, ɗan nan. Ni ba kaza ba ce da zan ci abinci a ƙasa."

Iro ya cinye rabona da nasa. Mazan suka kewaye kwano suna yarensu suna dariya, kuma da kunnena na ji sunan nan yana fita daga bakinsu, Tagalla kaza, Tagalla kaza, har wani yana lasar yatsa. Na juya musu baya na ci busasshen burodina da hawaye.

Sunan garin bakina ya kasa riƙe shi, ni dai garin kuza nake ce masa. Yana cikin wani kwari, duwatsu sun kewaye shi kamar tukunya. Ka ga alamar an yi duniya a wurin. Ga gidajen Nasara a jere, rufin ya tafi, ƙofofin an ciccire. Ga wasu injuna manya kamar giwaye, tsatsa ta cinye su, yara na shanya wanki a kai. Har da wani kududdufi na siminti da aka ce matan Nasara ke wanka a ciki, yanzu kashin awaki ne fal. Da kamfani ya tashi, mutane suka watse. Waɗanda suka rage tsofaffi ne da mata, suna rairayar ƙasa a ƙwarya suna tsince wasu baƙaƙen tsakuwa ƙanana, wai ita ce kuzar. A kan wannan tsakuwar Malam ya bar yatsansa. A bayan gari akwai maƙabarta, dutse a kai dutse a ƙafa. Direba ya nuna mini wani gefe ya ce duk Hausawa ne, mutanen Katsina da Kano da Daura da suka zo ci-rani ba su koma ba. Na tsaya na yi musu addu'a. Da Allah ya so, da a nan nawa ya kwanta, da ban ma san shi ba.

Direba ya ce in tsohon labari nake nema, sai wajen Agali, wanda ya yi aiki tun zamanin kamfani. Ya kai mu gidan Minata, 'yar Agali, inda tsohon yake zaune. Nan ma wani abin haushi. Suna da ɗakin siminti mai kyau da Nasara suka bari, sun zuba awaki a ciki, su kuma suna kwana a bukkar tabarmi a tsakar gida. Bukkar ma wai ta mace ce, in an yi faɗa miji ne ke tattara nasa ya fita. Iro da ya ji haka ya ce gara mu yi abin da ya kawo mu mu tafi. Ya fita duba awakin mutane, ya bar ni.

Agali tsoho ne tukuf, siriri, ido kaɗai nake gani a tsakanin rawani. Na durƙusa zan fara magana, ya ɗaga hannu. Sai an sha shayi. Aka dafa na farko a wata 'yar buta shuɗiya irin ta Malam sak, ɗaci kamar maɗaci. Na shanye na buɗe baki, ya sake ɗaga hannu, akwai na biyu. Bayan na biyu akwai na uku. Na ƙetare ƙasa guda da maganata a baki, ga ni zaune ina kallon tsoho yana zuba ruwa daga sama yana neman kumfa. Ga Hausarsa, bai san mace ba bai san namiji ba. "Kai ka zo daga nesa," in ji shi. A tsufana an mai da ni namiji.

Da aka kife kofuna na jawo atamfa da goro na ajiye a gabansa. Matan gidan da na maƙwabta sun taru a bakin bukka. Na ce, "Baba, ni baƙuwa ce daga Daura. Maigidana ya yi aikin kuza a nan yana yaro. Allah ya yi masa rasuwa. Ya tafi yana kiran sunan wata mata ta garin nan, malamai sun ce haƙƙinta ne a kansa. Ko me take, ko me ta zama, ba shari'a na zo yi da ita ba. Na zo in roƙe ta ta yafe masa. In ta mutu a nuna mini 'ya'yanta."

Ya ce, "Wa sunanta?"

Na sunkuyar da kai na ce, "Tagalla."

Wata daga bakin ƙofa ta fashe da dariya, sauran suka kama, har wata na riƙe ciki. Minata ta toshe baki da mayafi. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Tsohon kaɗai bai yi dariya ba. Ya yi musu tsawa da yarensu, suka yi tsit. Ya ce, "Mijinka, wa sunansa?"

To, ga Iro ya tafi wajen awaki. Ni kuwa tun ranar da aka kai ni gidan Malam sunansa bai taɓa fita daga bakina ba, ba kuwa zan fara don ya mutu ba. Na ce, "Ba na faɗa." Ya ce to yaya za a yi ya san shi. Sai na ce, "Sunan annabin da ya yi da Fir'auna." Na ɗaga hannun hagu na lanƙwashe ƙaramin yatsa.

Tsohon ya daɗe yana kallon hannuna. Sai ya ja rawaninsa sama har ya kusa rufe idon. Ya ce, "Ɗan Daura. Kaza."

Na ce, "Kaza kuma?"

"Haka muke kiransa. Ranar da ya zo aka ba shi abinci, ya ce shi ba kaza ba ne da zai ci a ƙasa."

Ashe a bakin Malam na tsinci maganar, shi yakan faɗa wa yara in sun ɗauki abin da ya faɗi.

Agali ya yi wa Minata magana, ta kawo fulawa da ruwa. Ya rarrafa bakin murhun da aka dafa shayi, ya kwaɓa, ya murza. Sannan ya ture garwashi, ya miƙa hannu ya tona yashi, ya sa ƙullin, ya mayar da ƙasa, ya lallaɓa ta da tafin hannu a hankali. Ban taɓa mantawa da wannan hannu ba. Shi na yi ta kallo a gefen tabarmar Malam.

Ya ce, "Ga tagalla."

Yana jiran ta nuna yake ba ni labari. Rami ne ya rufta da su biyu, dutse ya datse yatsan Malam. Hannun ya kumbura, zazzaɓi ya kama shi, ya daina cin komai, har Hausawan wurin suka fara maganar likkafani. Agali ne ya riƙa gasa tagalla yana marmasa ta a nonon akuya, yana ɗura masa da yatsa kaɗan-kaɗan. Ita kaɗai cikinsa ya karɓa. A kanta ya tashi. Ya ce, "Bayan nan kullum yana cewa, in ciwo ya kama ni ku ba ni tagalla, zan tashi." Ya dube ni ya ce, "Mijinka ba haƙƙin kowa a kansa nan. Ba gafara yake nema ba. Abinci yake nema. Tashi yake so ya yi."

Auta, rubuta wannan yadda na faɗa. Fulawa tana cikin ɗakina a lokacin, rabin tiya, a bayan ƙofa. Gishiri yana nan. Yashi kuwa tsakar gidanmu ne gaba ɗaya. Mun kewaye bawan Allah muna yi masa karatun tafiya, shi yana roƙonmu gurasa. Rashin sani ya sa kaza ta kwana a kan dami. Na san kwana in ya ƙare ya ƙare, ba gurasar da ke ƙara shi. Amma da ya tafi da ɗanɗanonta a baki.

Na yi kuka a bukkar nan irin wanda ban yi ba ranar da aka fita da shi. Matan da suka yi mini dariya su suka riƙe ni. Da ta nuna, Agali ya marmasa ta a nono ya miƙo mini. Na ci. Akwai ƙasa-ƙasa a ciki, kada wani ya yi muku ƙarya, na ji ta a haƙori. Na cinye tas. Iro ya shigo ana cikin haka, aka gaya masa, ya ce, "Ni fa tun a hanya na so in ce haka." Da ƙuguna na da lafiya da na tashi na rufe shi da duka.

Mun zauna har motar ta sake zagayowa. Minata ta koya mini kwaɓin da yadda ake gane ta nuna, a ƙwanƙwasa a ji amo. Atamfar ita na ba, tunda mai ita ba ta ɗaura zane. Ranar tafiya na nuna wa Agali cewa butarsa tana da 'yar'uwa a Daura. Ya ce tare suka saye su. Dawowa ba sai na faɗa ba, hanyar ba ta gyaru don na sha kuka ba, kuma a Kongolam na ce wa Iro in ya sake cewa wi sai na bar shi a can.

Washegarin saukata Liman ya yi sallama a zaure, ya ce, "An dace? An same ta?" Na ce an same ta, har na taho da ita, ya ɗan jira. Na gasa a tsakar gida na aika masa a kwano. Na tsaya a bayan ƙofa na ce, "Ga ta nan, Liman, ka tambaye ta da kanka ko ta yafe." Na ji shi yana taunawa, ƙasa na ƙara a bakinsa. Da na warware masa, sai ya ce, "Allah shi ne masani." Na ce ai kuwa.

Yanzu duk Juma'a nakan gasa ta sadaka ga Malam. Mutanen unguwa suna karɓa don kunyata, ban taɓa ganin wanda ya dawo neman ƙari ba. Ba komai, ni ina ci. Haushi ɗaya ne ya rage mini, kuma da shi nake. Shekara arba'in da ɗoriya ina tambayarsa, Malam me za a dafa, yana cewa duk abin da kika dafa. Sau ɗaya tak da ya ce, zo in nuna miki wani abu da na ci a duwatsu, da me zai rage shi? Allah ya jiƙanka, Malam, ya sa ka a inuwa, ya ciyar da kai abin da ka roƙa ba mu gane ba.

Masu tambaya ko kyakkyawa ce, ku zo ran Juma'a ku gan ta. Ajiye alƙalamin haka nan, Auta, je ki juya ta kada ta ƙone.